Zalika ta sha zagi, kwaɗin Alassane sun sha tafi

A Dungas, kamar Magarya da Wacha da Malawa, fim ɗin da ake kallo daga kudu yake zuwa. Yana tsallako iyaka ta wajen Maigatari ko Ɓaɓura, ko ya sauko ta intanet, masu tura fim su zuba wa mutum a katin memori, da dare a kalla a zaure ko a teburin mai shayi. Shi ya sa yarinyar da ko Damagaram ba ta taɓa zuwa ba za ta jero maka finafinan Nafisa Abdullahi da na Hadiza Gabon, ta ba ka labarin Sumayya ta Labarina daga farko har inda ta tsaya, ta haɗa da sunayen jaruman Indiya da ake yi wa fassarar Hausa. Ban ga laifinta ba. Harshenmu ɗaya da Kano, kuma a kasuwanninmu naira ta fi sefa yawo. Amma ka ce mata Zalika Souley, sai ta tambaye ka ƴar wace unguwa ce.

Zalika ita ce mace ta farko a Nijar da ta riƙi fitowa a fim a matsayin sana'a. An haife ta a Yamai a 1947. Ba ta cika shekara 20 ba Moustapha Alassane ya saka ta a Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa malafa da bindiga, suka sauya sunaye, suka addabi ƙauyensu. Ita kaɗai ce mace a gungun, sunanta Reine Christine, ga wando ga bindiga. A tuna shekara 6 ke nan da samun mulkin kai, lokacin da ko ɗiya mace ta shiga lakwal sai an yi ta rarrashin uba.

Daga nan Oumarou Ganda ya ɗauke ta. Ta fito a Cabascabo, labarin tsohon sojan Faransa da ya dawo daga yaƙin Indocin ya ɓatar da kuɗinsa a banza, fim ɗin da aka nuna a Cannes a 1969. Ta fito a Le Wazzou polygame, wanda ya ci kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karon farko da aka bayar da wannan kyauta. Sai Saïtane, sai FVVA na Alassane, sai L'Exilé a 1980, sai Aube noire na Djingarey Maïga a 1983. Duk wanda zai ba da tarihin sinimar Nijar a shekarunta na ganiya, dole ya bi ta kan fuskar matar nan.

In ka jera matsayin da aka riƙa ba ta, za ka ga kusan hanya ɗaya aka bi da ita. A Le Wazzou polygame ita ce matar Alhaji da kishi ya rufe wa ido, ta tashi kashe amarya a daren biki, ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. A Saïtane matar aure ce mai cin amana, wani malami yana yi mata kawalci. Mace ta gari a fim aikinta mai sauƙi ne: ta sunkuyar da kai, ta yi kuka, a tausaya mata. Mai wahalar shi ne ki sa ɗan kallo ya tsane ki alhali ya kasa ɗauke ido daga kanki, kuma ya fahimci abin da ya kai ki ga mugunta. Matar Alhajin nan ba aljana ba ce. Mace ce da aka shigo mata da yarinya ƙarama, kowa a gidan ya san an raba yarinyar da wanda take so. A ganina nan ne gwanintar Zalika take, kuma nan ne aka cuce ta.

Mutane ba su raba ta da abin da suka gani a majigi ba. Aka riƙa kallonta a matsayin ƴar iska da gaske, ta sha zagi da tsangwama a garin da aka haife ta. Da Ganda ya rasu a ranar 1 ga Janairun 1981, kuɗin yuraniyom ya ja baya, gidajen sinima suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai aikin ma ya ƙare. Lokacin da Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi, wanda aka nuna a Cannes a 2005, ta same ta a Yamai da ƴaƴanta a gidan da babu famfo babu lantarki. Daga baya Zalika ta tafi ƙasar waje ta yi aikatau a gidajen mutane. Ta rasu a Yulin 2021. Allah ya jiƙanta.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta fara da Linzami da Wuta a 2000 ta kuma rasu a ƙarshen azumin 2024, ta shafe shekaru tana fitowa a muguwar uwar miji da kishiya mai makirci, har akwai matan da suka ɗauka haka take a gidanta. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon wata waƙa da ta fito a ciki da mawaƙi ClassiQ. A 2022 Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa ɗan abin da ake ba ta in ta fito a fim, maganar da ta tayar da ƙura makonni. Rabin ƙarni tsakanin Yamai ta Zalika da Kano ta yau, amma lissafin bai sauya ba: namiji ya fito a ɓarawo a ce ya iya wasa, mace ta fito a muguwa a ce halinta ne ya bayyana.

Abin da ya ja hankalina shi ne mutumin da ya fara saka Zalika a gaban kyamara, a shekarar nan ta 1966, ya yi wani fim da ya fi na kaboyi tsokana nesa ba kusa ba. Bon voyage Sim zane ne mai motsi na minti 5. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta, ga faretin soja, ga jirgi, ga tarba, ga duk wani tsarabe-tsaraben da sababbin shugabannin Afirka suka gada daga Turawa, amma kowa kwaɗo ne. Wannan a zamanin Diori Hamani, lokacin jam'iyya ɗaya. Alassane ya ci gaba da aikinsa, har ya shugabanci sashen sinima na jami'ar Yamai shekara 15. Ai ba wanda zai tashi ya ce shi ne kwaɗon.

Alassane bakanike ne tun farko. Yana yaro yake yanka kwali yana haska shi da fitila yana nuna wa ƴan garinsu inuwa tana motsi. Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya taimaka masa, ya je Kanada ya koyi aikin zane mai motsi wajen Norman McLaren, ya dawo. Daga zane ya koma ƴan tsana: a ƙera su da hannu, a motsa kaɗan a ɗauki hoto, a sake motsawa a sake ɗauka, har su yi rai. Da haka ya yi Samba le Grand a 1977. Da haka kuma ya yi Kokoa, wanda a wurina ya fi duk aikinsa daɗi, domin kokawa ce irin tamu, da fili da makaɗa da mai sharhi da ƴan kallo, sai dai ƴan kokawar kwaɗi ne da hawainiya da tsuntsu, alƙalin wasa kuma ƙaguwa. Duk wanda ya taɓa zama a filin Langa-Langa na Damagaram lokacin gasar takobi, ko ya maƙale da rediyo yana jiran a ce wane ya kā da wane, zai gane kowa a ciki. Mutumin ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa, ya rasu a Wagadugu a Maris ɗin 2015. A 2017 gidan tarihin fasaha na MoMA da ke New York ya shirya nunin finafinansa. Mutanen New York sun ga kokawar kwaɗi, mu masu kokawar ba mu gani ba.

Kada wani ya ce wasan ƴan tsana baƙon abu ne da Nasara ya kawo. Ƴan dabo na ƙasar Hausa suna da shi tun da: mutum ya kafa babbar riga kamar rumfa ya shige ƙarƙashinta, ya riƙa fito da ɗiyan dabo ta wuyan rigar, yana sauya murya, suna faɗa suna zawarci suna zagin juna, jama'a na dariya. Wani jami'in Ingila, R. E. Ellison, ya rubuta bayanin irin wannan wasa da ya gani a Borno a 1935. Mutanen Markala a Mali sun riƙe nasu har UNESCO ta saka shi cikin gadon duniya a 2014, ƴan ƙabilar Tibi na Binuwai nasu kwagh-hir ya shiga a 2019. Mu namu mun bar shi ya bi tsofaffi kabari. Su kuwa Faransawa, tashar Canal+ ta shafe shekara 30, daga 1988 zuwa 2018, tana sa ƴan tsana suna kwaikwayon shugabanninsu a Les Guignols.

Yanzu dubi abin da samarinmu ke yi. Kowace unguwa akwai masu ɗaukar barkwanci da salula suna sakawa a TikTok da Facebook, kuma ina jin daɗin hakan, domin yankin Damagaram ba baƙon wasan kwaikwayo ba ne; iyayenmu har yau suna labarin Yazi Dogo da wasannin Samariya na zamanin Seyni Kountché. Sai dai yawancin abin da ake ɗauka kwafin Kano ne, har karin maganar. Saurayi ya ɗaura zane ya sa ɗankwali ya fito a mace, domin babu uban da zai bar ɗiyarsa ta fito, kuma uban yana da hujja, ya san abin da za a ce da ita a bakin rijiya gobe. Labarin kuma bai wuce saurayi da budurwa da cin bashin mai shago. Abubuwan da ke cin mutane rai a nan, rikicin gona da makiyaya in kaka ta yi, dillalin da ke karya farashin riɗi, ƴan cirani da ke tafiya su bar mata da yara, shingayen da ke kan hanya, auren da ake ɗaurawa a raba kafin shekara, ba mai taɓa su. Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Ka kwaikwayi mai gari da fuskarka, kafin la'asar an aiko kiranka.

A nan ƴartsana take da amfani. Ba ta da uba, ba ta da dangin miji, ba a fasa aurenta. Bunsuru zai iya zama ɗan siyasa, kura ta zama dillali, jimina ta zama hajiya mai adashi, a faɗi gaskiya kowa ya yi dariya ya tafi da ita gida, kamar yadda kakanninmu suka ɗora wa Gizo duk halin da ba su iya faɗa wa mutum a ido. Kayan aikin ma a ƙofar gida suke: kara, duma, ƙyallayen tela, fatar dukawa, laka. Yaran da ke ƙera mota da kara da waya har da sitiyari ba za su gaza ƙera kwaɗo mai buɗe baki ba. Salular da ake ɗaukar barkwanci da ita ta fi kyamarar da Alassane ya fara da ita. Kuma yarinya mai baiwar murya za ta iya yin wasa ba tare da an ga fuskarta ba.

Na san za a ce mutum-mutumi ne. Wannan magana ce ta malamai, kuma su suka karantar da mu cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da ƴan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mai shakka ya je ya tambayi malaminsa kafin ya fara. Ƙorafin da ya fi damuna wani ne daban: kada a fahimce ni cewa mata su koma bayan labule, tsumma ya maye gurbinsu. A'a. Babu kwaɗon da zai iya abin da Zalika ta yi a Le Wazzou polygame. Ƴartsana tana iya tsokana, ba ta iya nuna zuciyar macen da aka yi wa kishiya. Laifin da aka yi wa Zalika laifin ƴan kallo ne, kuma ba a gyara shi da ɓoye mata. Ana gyara shi ne ranar da muka koya wa yaranmu cewa wadda ta sa suka ji haushi a fim aikinta ta iya.

Roƙona biyu ne. Ga ma'aikatar al'adu da Télé Sahel da cibiyar da ke ɗauke da sunan Oumarou Ganda a Yamai: in ana iya sa jarumin Indiya ya yi Hausa, ana iya yi wa finafinan Ganda da na Alassane. A nemi izinin masu haƙƙi, a fassara su, a sake su su shiga hannun masu tura fim, da Si les cavaliers na Mahamane Bakabé, wanda labarin Damagaram ne na 1906 amma jikokin mahayan ba su san da shi ba. Ga samarin Dungas masu ɗaukar barkwanci kuma: ku nemi Kokoa ku kalla, bai kai minti 15 ba, sannan ku je wajen tela ku roƙi ƙyallaye.