Lissafi da Ƙauna: Harshen Cuta a Littafin Hervé Guibert

1. Gabatarwa

A shekarar 1990 kamfanin ɗab'i na Gallimard da ke birnin Paris ya fitar da wani ƙagaggen labari mai suna À l'ami qui ne m'a pas sauvé la vie, wato "zuwa ga abokin da bai ceci raina ba". An haifi marubucinsa, Hervé Guibert, a 1955, kuma ya yi aiki a jaridar Le Monde yana sharhi a kan hotuna. A 1988 aka tabbatar masa da ƙwayar cutar sida, ya rasu a watan Disamba na 1991 yana da shekara 36. Manufar wannan nazari ita ce a nuna yadda kalmomin likita suka shiga bakin masoya a cikin littafin, har suka zama su ne harshen da ake bayyana ƙauna da tsoro da shi. Wannan batu ya shafi mai nazarin adabi, ya kuma shafi mai tsara kalmomin kiwon lafiya domin yaƙi da jahilci.

2. Zubin labari

Littafin ya ƙunshi gajerun babi 100, kuma mai ba da labari sunansa ɗaya da na marubucin. Namiji ne mai son maza, wanda ya daɗe yana soyayya da Jules. Shi kuwa Jules yana zaune da wata mace, Berthe, suna da ƴaƴa biyu, ga shi kuma shi ma ya kamu. Saboda haka fargabar mai ba da labari ba ta tsaya a kansa ba, ta haɗa da gidan nan baki ɗaya.

Mutum biyu ne suka riƙe labarin ta gefe da gefe. Na farko shi ne Muzil, masanin falsafa wanda cutar ta kashe tun da wuri. Masu karatu ba su sha wahala ba wajen gane cewa Michel Foucault ake nufi, wanda ya rasu a Paris a watan Yuni na 1984. Na biyu shi ne Bill, babban ma'aikacin wani kamfanin harhaɗa magunguna a Amurka, wanda ya yi alkawarin sa mai ba da labari cikin gwajin wata allurar rigakafi. Alkawarin bai cika ba, kuma daga nan ne sunan littafin ya samo asali.

3. Lamba a matsayin harshe

A yawancin labaran soyayya, haɗuwa da rabuwa ne ke auna tafiyar lokaci. A nan kuwa awon jini ne ke auna shi. Ƙwayar cutar tana cin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T4. A jinin mai lafiya yawansu yakan haura 500 a ma'aunin likita, idan kuma suka sauka ƙasa da 200 jiki ya buɗe wa cututtuka ƙofa ke nan. A wancan zamani, a wannan gaɓa ce ake soma bai wa majinyaci AZT, maganin da aka fara amincewa da shi a 1987. Guibert ya mai da wannan lamba ta zama kamar ɗaya daga cikin taurarin labarin. Idan ta hau, a sami sararin aiki da tafiye-tafiye tsakanin Roma da Paris. Idan ta sauka, magana tsakanin masoya ta canja, kowa ya shiga lissafin saura.

Hikimar marubucin ita ce yadda ya sa mai karatu ya saba da waɗannan kalmomi. Ya bar shi ya koye su kamar yadda majinyaci ke koyo, wato ta hanyar maimaici da zulumi. Kafin a kai tsakiyar littafi, mai karatu ya iya jin nauyin lamba ba tare da an yi masa sharhi ba.

Ginin jimla ma ya bi wannan hanya. Akwai jimloli masu tsawo ƙwarai, ana jera zance bayan zance ba a tsaya ba, kamar mai gudun kada numfashi ya ƙare masa. Mai ba da labari da kansa ya danganta wannan salo da marubucin Ostiriya Thomas Bernhard, ya kuma kwatanta tasirinsa da wata cuta mai mamaye rubutu. Ke nan cutar ta kama jini, ta kama jimla.

4. Sunan da ake ɓoyewa

Jigo na biyu shi ne faɗa da ɓoyewa. Mai ba da labari yana auna wanda zai gaya wa da wanda zai ɓoye wa, domin ya lura cewa da zarar an ji sunan cutar, kallon da ake yi masa yakan sauya. Muzil ya mutu ba a bayyana sunan ciwonsa a fili ba. Bill kuwa, da yake shi ke riƙe da labarin magani, sai ya mai da sani ya zama mulki: ya yi magana ran da ya ga dama, ya ɓace ran da ya ga dama. Littafin ya nuna cewa wanda ya mallaki kalma yakan mallaki wanda ke jiran ta.

5. Rauni

Duk da haka littafin bai rasa aibi ba. Marubucin da ya san zafin tonon asiri shi ne ya bayyana kwanakin ƙarshe na Muzil dalla-dalla, abin da ya jawo masa suka mai yawa bayan fitar littafin. Hujjar da labarin ya bayar ita ce, mai ba da labari mutuwar kansa yake hange a cikin ta abokinsa. Hujja ce mai ƙarfi ta fuskar adabi, amma ba ta warware matsalar amana ba. Haka nan Berthe da ƴaƴanta ba su sami murya sosai ba. Ana jin tsoro dominsu, ba a jin ta bakinsu. Ko Jules ma, wanda shi ne masoyi, sau da yawa lamba takan rufe shi.

6. Kammalawa

Guibert bai ga shekarar 1996 ba, lokacin da haɗin magunguna uku ya mai da sida ciwon da ake iya rayuwa da shi shekara da shekaru. Wannan sauyi ya ƙara wa tambayar littafin nauyi, domin wanda zai daɗe da ciwo yana bukatar kalmar da zai iya faɗa a kan kansa, a gaban likita da gaban wanda yake so.

A nan ne darasin ya iso ga masu aikin Hausa. Kalmar "ƙanjamau" kamannin jikin da ya rame take nunawa, wato daga idon mai kallo ta fito. "Sida" aro ce daga Faransanci, ba ta zagi, ba ta kuma bayyana komai. "Karya-garkuwa" kuwa aikin ƙwayar cutar take faɗa. Mai tsara littafin karatun manya ya kamata ya gwada kowace kalma a bakin majinyaci kafin ya sa ta a takarda, ya duba ko mutum zai iya furta ta game da kansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.