Gidan Goggo da Gobarar Kasuwa: Jigon Cin Zarafin Mata a Littattafai Biyu na Balaraba Ramat Yakubu

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa ƙagaggun labaran matasa sunan Adabin Kasuwar Kano, manazarta suka fi mayar da hankali ga muhawara kan ingancinsu, wato ko sun cancanci a kira su adabi ko kuwa hira ce kawai ta samari da 'yan mata. Wannan muhawara ta sa an yi sakaci da wata tambaya: idan aka zalunci mace a ɗakin aurenta, ina waɗannan littattafai suke nuna mata ta nufa? Wannan tambaya za mu bi a cikin littattafai biyu na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, waɗanda suka fito a 1990, sannan mu auna amsar da halin da 'yan matanmu suke ciki a nan Jos. Marubuciyar ba baƙuwa ba ce ga jigon, domin ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, sai daga baya ta koma neman ilimi.

2.0 Duka da abin da ya fi duka

A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta tana shekara 13. Ɗan'uwanta Amadu, wanda aka sa ran zai aure ta, ya guje ta saboda rashin karatun da ba ita ta zaɓa wa kanta ba, sai mahaifinta ya ba da ita ga Sarkin Noma, mutumin da ya haura shekara 50. Abin da ya auku tsakaninta da shi fyaɗe ne, kuma marubuciyar ba ta rufe shi da mayafin kunya ba. A ganinmu wannan shi ne babban abin da littafin ya ƙara wa adabinmu, domin ya kira ta'asa da sunanta alhali an ɗaura aure, an raba goro, an yi buɗar kai.

A Alhaki Kuykuyo Ne cutarwar ta sake kama. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, tana da 'ya'ya tara. Yana ƙuntata mata kuɗin cefane yana kashewa a waje, ya auro Delu, daga bisani ya saki Rabi ya kore ta daga gidan da ta tsufa tana yi wa bauta. Marubuciyar ta nuna cewa yunwa da kora da wulaƙanci a gaban 'ya'ya su ma makamai ne. Abin lura shi ne ta riga doka fahimtar haka da shekara 25. Sashe na 55 na kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ba miji damar ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba kuma al'adarsu ta yarda. Sai a 2015 dokar tarayya ta VAPP ta lissafa dukan abokin aure da korarsa daga gida da yin watsi da iyali a jerin laifuffuka. Ita ma ta fara ne da Abuja kaɗai, jihohi suka riƙa ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya.

3.0 Gidan goggo

Da Abu ta gudu, birnin Kano ta nufa, gidan goggonta Hajiya Kumatu. A nan ƙullin labarin ya juya. Goggon ta buɗe ƙofa, ta saurari yarinyar, ba ta ɗaura mata ɗan ƙullin kayanta a ka ta mayar da ita ba. Daga wannan gida Abu ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Rabi kuwa sana'ar sayar da abinci ta kama, da ita ta riƙe 'ya'yanta, har 'yarta Saudatu ta samu miji na gari.

Idan muka warware jigon, za mu ga abubuwa uku ne suka ceci taurarin biyu: wurin kwana na daren farko, da babban mutum da ya gaskata maganarsu, da abin yi na hannu ko na ƙwaƙwalwa. Al'adarmu ta san yaji, amma yaji kamar yadda aka saba shi hutu ne na kwanaki kafin a zo biko, kuma kalmar da ake tarbar mai yaji da ita ita ce haƙuri. Haƙuri hali ne na yabo, sai dai idan aka miƙa shi ga mai kumburarriyar fuska tun kafin a tambaye ta abin da ya faru, ya zama tikitin komawa. Hajiya Kumatu ta fita daban saboda ta fara da tambaya.

4.0 Gobarar kasuwa

A nan muke da ja da marubuciyar. A Alhaki Kuykuyo Ne babu mahaluƙin da ya hukunta Alhaji Abdu. Gobara ce ta cinye masa dukiya a kasuwa, Delu kuma ta ci amanarsa. Sunan littafin ma, wanda karin magana ne, ya riga ya yi wa mai karatu alkawarin haka. Wannan dabara tana sanyaya rai, amma ta sauke wa dangi da maƙwabta da alƙali nauyin da ke kansu, ta ɗora wa ƙaddara. Mutanen Jos sun san gobarar kasuwa. Wutar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002 ba ta tambayi wane ne ya ƙuntata wa iyalinsa ba. Ta haɗa da azzalumi da mai kirki da gwauruwar da ke riƙe da marayu. Budurwar da ta karanta littafin tana ɗakin mai dukanta, idan ta zauna jiran wuta, tana iya jira har ƙarshen ranta.

Alhali hanyar hukunci tana nan ko a lokacin. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi a sha'anin aure, alƙali yana da ikon raba aure idan mace ta tabbatar da cutarwa, ba tare da ta fanshi kanta da dukiya ba. Mata da yawa hul'i kaɗai suka sani, su ci duka kuma su biya sadaki. Da an kai Rabi gaban alƙali, ko da ta sha wuya a can, da mai karatu ya ƙaru da sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Duk da haka dole mu yi wa marubuciyar adalci game da ƙarshen labarin. Bayan Alhaji Abdu ya tsiyace, dangi sun matsa wa Rabi ta koma masa, ta koma ba da son ranta ba. Wasu masu karatu sun ɗauki wannan a matsayin sulhu mai daɗi. Mu kuwa muna ganin zambo ne cikin yabo: matar da ba a taru domin ta ba ranar da aka kore ta, ita aka tarar wa ranar da mijin ya rasa mai dafa masa tuwo.

5.0 Littattafan a idon Jos

Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwannin Jos, iyalai da dama suka tashi. Wannan ya taɓa gidan goggo kai tsaye. Yarinyar da aka aurar a Unguwar Rogo ko Gangare, mai yiwuwa goggonta ta koma Bauchi ko Kano ko gefen Abuja, kuma kuɗin mota yana hannun wanda take gudu. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya hango wannan gibi a littafinsa na Ingilishi, Season of Crimson Blossoms, na 2015. Fa'iza, wadda rikicin Jos ya raba da mahaifinta da ɗan'uwanta, tana zaune a wajen Hajiya Binta can kusa da Abuja, tana ɓoye firgicinta a cikin littattafan soyayya. Ke nan shi ma ya shaida cewa waɗannan littattafai suna isa inda malami da lauya ba sa isa, wato ƙuryar ɗaki.

Saboda haka abin da aka zuba a cikinsu ba ƙaramin al'amari ba ne. Inda dangi suka warwatse, sai wasu su ɗauki aikin Hajiya Kumatu: malamar Islamiyya, maƙwabciya, ma'aikaciyar jinya da ta ga rauni ta ƙi yarda da cewa santsi ne ya kwashe mai shi, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfin littattafan biyu yana wajen bayyana nau'o'in cutarwa da nuna darajar ƙofar da aka buɗe, rauninsu kuma yana wajen barin hukunci a hannun ƙaddara. Ga ɗalibanmu da ke aiko da gajerun labarai zuwa wannan mujalla, muna da shawara. Tauraruwar da ke kuka ta yi yawa a rubuce-rubucenku, haka ma mugun mijin da ke gamuwa da haɗarin mota a shafin ƙarshe. Taurarin da suka yi ƙaranci su ne maƙwabcin da ya ji ihu ya fito, da wan da ya ƙi mayar da ƙanwarsa, da uban da ya binciki halin manemi kafin ya karɓi sadaki, da saurayin da ya tashi a gidan duka ya yi fama da kansa har ya bar gadon. Balaraba ta rubuta goggo guda ɗaya a 1990. Sauran mutanen unguwar suna jiran mai rubuta su.