Muryar Naƙasasshe a Ɗakin Jiyya: Sharhi a kan Ma'aunin COPM

Wannan takarda za ta duba wani ma'auni ne da masu jiyyar ayyukan yau da kullum suke amfani da shi, wato jami'an da aikinsu shi ne su taimaki wanda ciwo ko naƙasa ta taɓa ya iya wanka da sa tufafi da girki, ya kuma koma sana'arsa. Ma'aunin, wanda aka fi sani da COPM, Mary Law da abokan aikinta ne suka fito da shi a Kanada cikin 1991. Ni dai ba jami'in jiyya ba ne. Shan-inna ta kama ni tun ina yaro, saboda haka ina cikin waɗanda ake yi wa tambayoyin.

Tsarinsa ba wuya. Jami'i zai zauna da mai lalura ya tambaye shi ayyukan da suke gagararsa a fannoni 3: kula da kai, da aikin amfani, da nishaɗi. Mai lalura zai zaɓi matsaloli da ba su wuce 5 ba, ya ba kowace maki daga 1 zuwa 10 bisa yadda yake iya yin aikin, sa'an nan wani makin bisa gamsuwarsa. Bayan jiyya sai a sake aunawa. Dole a yaba wannan, domin kuwa a da jami'i ne yake yanke abin da ya dame ka, kai kuwa naka biyayya.

Sai dai kuma an riga an shata fannonin tun kafin mai lalura ya shigo ɗakin. Alal misali, in Bahaushe ya ce babbar damuwarsa ita ce ya kai ga sahun sallar Juma'a, ko ya je gaisuwar mutuwa a gidan surukai, a wane fanni za a sa? Sallah ba nishaɗi ba ce, zumunci kuma wajibi ne. Gaskiya ne masu ma'aunin sun ambaci addini da muhalli a ra'in da suka gina shi a kai, amma jami'in da layi yake jiransa takarda yake cikewa, ba ya komawa ga ra'i.

Babbar illar ma tana ga makin kansa. Tun 1976 wata ƙungiyar naƙasassu ta Ingila, UPIAS, ta bambance raunin jiki da naƙasar da jama'a suke ɗora wa mutum ta yadda suke gina wurare da tsara al'amura. To, a ce na faɗa wa jami'i matsalata ita ce isa ajin da nake koyarwa a saman bene, na kuma ba kaina maki 2. A ƙarƙashin sunana za a rubuta wannan 2 ɗin, matakalar kuwa ba ta da gurbin maki. Hanyar da ta fi sauƙi a ga makin ya tashi ita ce a horar da ni hawa da sanduna, ko kuwa in saba da wahalar har gamsuwata ta ƙaru, wanda (abin dariya) takarda za ta nuna shi a matsayin nasara. Paul Abberley, masanin zamantakewa ɗan Ingila wanda shi ma shan-inna ta taɓa, ya yi irin wannan suka a 1995, inda ya nuna yadda gazawar jiyya takan koma kan mai lalura.

Lokacin da aka yi mini irin wannan hira a wani asibiti, na roƙi a rubuta cewa abin da nake so shi ne a sauko da ajina ƙasa. Jami'ar, cikin ladabi, ta ce wannan sha'anin hukumar makaranta ne, ta tambaye ni matsala ta gaba.