Ɗan littafin da ya nuna mini ƙishirwa a cikin kalmar "terrestrial"

Bayan sallar isha'i 'yata ta zo da littafinta na bayoloji, yatsanta a kan wata doguwar kalma. "Baba, mece ce terrestrial?" Na ce mata abin da ke rayuwa a tudu ke nan, akuya, ƙadangare, kuka, har mu kanmu, kishiyar na ruwa irin su kifi. Ta rubuta, ta tafi. Ni kuwa sai na miƙa hannu kan kanta na ɗauko wani siririn littafi da bangonsa ya fara naɗewa saboda yawan buɗawa, kuma wallahi har ƙarfe ɗaya na dare ban ajiye shi ba.

Sunansa The American Heritage Dictionary of Indo-European Roots, na marigayi Calvert Watkins, malamin ilimin harsuna a Jami'ar Harvard da ke Amurka, wanda ya rasu a 2013. An fara buga shi a 1985, aka sake gyara shi a 2000 da 2011. Bai kai shafi ɗari biyu ba. Amma jama'a, ban taɓa riƙe littafi mai ƙanƙanta haka da ya tara dukiya irin wannan ba!

Ga yadda yake aiki. Ka duba kalmarka ta Ingilishi a jerin da ke bayan littafin, sai ya tura ka zuwa tushenta, wato saiwar da masana suka gano ta hanyar gwama Latin da Girkanci da Sanskirit da sauran 'yan uwansu. Na bi terrestrial, ta kai ni Latin, inda terrestris ke nufin na doron ƙasa, daga terra, ƙasa. Wajen shekarar 1400 ta shiga Ingilishi, ana kawo ta a matsayin kishiyar abin da yake na sama. Duk wannan kowane ƙamus zai gaya maka. Watkins ne ya ƙara taku ɗaya baya, ya ce ita kanta terra ta fito daga tsohon tushe ters, ma'anarsa bushewa.

Nan na dakata na yi tagumi. Ashe mutanen da suka raɗa wa ƙasa wannan suna busasshen wuri suka gani! Ka ɗauka kana cikin kwalekwale tun safe, ruwa ta ko'ina, sai ka hango gaɓa, ka sauko ka taka inda ƙafarka ba ta jiƙewa. Wannan wurin shi ne terra. Amsar da na ba 'yata ta dace da asalin kalmar fiye da yadda na zata, domin mu ma da ruwa muke auna tudu, shi ya sa muke cewa na tudu da na ruwa.

Sai kuma dangi suka yi ta fitowa kamar ranar suna. Thirst, ƙishirwa, 'yar gida ɗaya ce, tunda bushewar maƙogwaro ce. Toast, gasasshen burodi, ya biyo ta Latin torrere, ƙonawa ko busarwa. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce torrent, ruwa mai gudu da ƙarfi. Yaya za a yi ambaliya ta fito daga bushewa? Romawa sun kalli ruwa yana kumfa yana ruri, suka kira shi mai tafasa, to daga zafin wuta aka zo nan. Ni dai wannan kaɗai ta biya ni kuɗin littafin.

Ɓangaren terra ma cike yake. Territory, yanki. Mediterranean, tekun da muke kira Bahar Rum, wato wanda ke tsakiyar ƙasa. Terrier, ɗan karen Turawa da ke kutsawa rami bayan dabba. Terracotta, gasasshiyar ƙasa a Italiyanci, sunan da duniya ke kiran gumakan yumɓu na Nok da aka tono a kudancin Jihar Kaduna. Kowa ya ga hoton kawunan nan masu huda a ido ya ga ƙasar da wuta ta busar.

Ita kuwa terrestrial ta ci gaba da yawonta. Masana taurari suna kiran duniyoyi huɗu masu duwatsu da ita, tamu da Mars da Zahra da Makuri. Masu talabijin suna kiran tashar da ake kamawa da eriya da ita, don bambanta ta da ta tauraron ɗan'adam. Aka liƙa mata extra a gaba, ta zama baƙon da ya zo daga wajen duniya, kamar a fim ɗin E.T. na Steven Spielberg na 1982.

Gaskiya rubutun littafin ƙanana ne, gajerce-gajercen kalmomi kuma sun yi yawa, sai mutum ya yi kwana biyu kafin idonsa ya saba. Da zarar ya saba, shi ke nan, ya kamu. Watkins ba ya surutu, layi biyar ya ishe shi ya haɗa maka shekaru dubbai, kuma doguwar gabatarwarsa kan rayuwar mutanen da suka yi magana da tsohon harshen da ya haifi su Latin da Girkanci da Sanskirit ta cancanci a karanta ta sau uku.

Hausa ba ta cikin wannan zuriya, ita 'yar gidan harsunan Cadi ce, kuma tun 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka buga aikinsu na gwama kalmomin wannan gida. Malamanmu na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, don Allah ku rubuta mana irin wannan ɗan littafi da Hausa, mu ma mu bi sawun ƙasa da tudu da ruwa har inda suka faro. Kai kuma mai karatu, in ka ci karo da na Watkins, kada ka tsaya ciniki, saye shi.