Wa Ya Yi Ɓarnar? Uzurin da Ake Yi wa Maza a Rubutattun Wasannin Kwaikwayon Hausa

Manazarta sun daɗe da amincewa cewa jigon *Jatau Na Kyallu* na Shu'aibu Maƙarfi shi ne illar auren karuwa. Haka aka koya mana a makaranta, haka ni ma na koyar shekara da shekaru. Ban sake duba wannan hukunci ba sai da na ba wata gwaggona labarin wasan a gidanta da ke Hindawiyya, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama a Makka. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko Kyallu ce ta ɗaura wa kanta auren.

Tambayar ta taɓa zubin wasan. Malam Jatau attajiri ne mai hankalinsa da iyalinsa. Shi ya nemi Kyallu, shi ya toshe kunne daga shawara, shi ya wulaƙanta matan gidansa saboda ita. Duk da haka an tsara wasan ta yadda idan dukiya ta ƙare, tausayin mai karatu zai koma kansa, a ɗauke shi mutumin kirki da makircin mace ya kayar. Matan da ya zalunta tun farko kuwa, ba a auna asararsu da ma'aunin da aka auna tasa ba. Kuskurensa, a idon wasan, rashin iya zaɓen mace ne. Wulaƙancin bai shiga lissafi ba.

A *Uwar Gulma* na Muhammad Sada abin ya fi wuyar sha'ani, domin marubucin bai ɓoye halin Hayatu ba: yawon dare, shaye-shaye, da dukan Halima. Uzurin yana fitowa ne daga bakin waɗanda ke kewaye da ita, masu ba ta haƙuri kamar ita kaɗai aka ɗora wa nauyin riƙe aure. A ganina Sada ya fi Maƙarfi adalci a nan, tunda ya bar mu mu ga yadda haƙurin ke cin mai yin sa, ko da yake sunan wasan ya rataya a wuyan mace mai tsegumi, mijin da ya rusa gidan bai samu wannan tambari ba.

Umaru Ɗanjuma Katsina ne ya fito da maganar fili a *Kulɓa Na Ɓarna* (1979). Sunan ya samo asali daga karin maganar da ke cewa kulɓa na ɓarna ana cewa jaɓa ce, kuma Alhaji Ruwan Ido, mai yaudarar 'yar makaranta da kuɗi, shi ne kulɓar. Sai dai wadda ta rasa karatu da mutunci ita ce Zulai, kuma a yawancin amsoshin ɗalibai da na taɓa dubawa, darasin da suke cirowa shi ne 'yan mata su guji kwaɗayi. Marubucin ya nuna mai laifi tun daga bangon littafi, ajin adabi ya mayar da laifin kan jaɓa.