Baitin Waƙa a Matsayin Shaida a Ƙamusun Intanet

A zaurukan karatu na Gwarzo da Kabo, in ɗalibi ya yi gardamar ma'anar kalmar Larabci, malam ba ya dogon bayani. Baiti yake janyowa daga mawaƙan Jahiliyya ko daga Muƙamar Hariri, sai a wuce wurin. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce. Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, ya cika Lisanul Arab da baitoci, domin a wurinsa kalmar da ba ta da shaida kamar mai ƙara ne ba mashaidi. Abin mamaki, littafin da ya ba mu sunan "ƙamus" ɗin kansa, wato Alƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi, shi ne ya zubar da yawancin waɗannan baitoci don ya taƙaita.

Ƙamusoshinmu na boko hanyar Fairuzabadi suka fi bi. Bargery a 1934 da Abraham a 1949 sun tara karin magana da misalan jimloli masu tarin yawa, amma da wuya ka ga an ce wane ne ya faɗa, a littafi kaza, shafi kaza. Ƙamusun Jami'ar Bayero na 2006 ma ma'ana ya sa gaba. Takarda tsada gare ta, ba a ga laifinsu ba.

Ƙamusun intanet irin Wiktionary ba shi da wannan uzuri. Yana da wani fom na musamman mai gurabe: sunan mawallafi, sunan littafi, shekara, shafi, sai nassin da aka ciro. Ka cike, kwamfuta ta jera maka shi a ƙarƙashin ma'anar kalmar. Da ganinsa ka san an ɗinka shi ne a jikin littafin da aka rubuta yau aka buga gobe. Waƙar Hausa kuwa ba haka ta taso ba.

Ɗauki gurbin shekara. Nana Asma'u ta rasu a 1864, amma kundin ayyukanta da Jean Boyd da Beverly Mack suka haɗa sai 1997 ya fito. Wanda ya rubuta 1997 ya yi shiru, ya yanke wa kalmar fiye da shekara 130 daga tarihinta. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne; waƙarsa Imfiraji da ka ya tsara ta, wasu suka rubuta, mabarata suka yi ta rera ta gari-gari. To wace shekara ce tata, kuma bakin wa za a bi in kwafe biyu sun saɓa? Ga kuma juyi daga ajami zuwa boko, inda mai tace rubutu kan goge Sakkwatanci ya mayar da shi Kananci, da kyakkyawar niyya, ya kashe ainihin abin da mai ƙamus ya zo nema.

Akwai wani tarkon. Mawaƙi kan ja wasali ko ya datse kalma don kari da amsa-amo su zauna. In aka kafa hujja da irin wannan wuri, an mayar da larura doka.

Duk da haka ni ina bayan baiti, kuma dalilina ɗaya ne mai ƙarfi. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo kamanninsu ɗaya a takarda. Rubutacciyar waƙa kuwa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi aka gina ta, bisa ma'aunin aruli, saboda haka wanda ya iya yanka baiti zai ji yadda mawaƙin ya furta kalmar ko da ya shekara ɗari a kabari. Zube ba ya iya wannan.

 

Malaman Hausa na makarantun Gwarzo da Kabo, waɗanda Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu ke cikin akwatunansu, su ne suka fi cancanta da aikin shigar da baitoci a ƙamusun intanet. In kun zo cike fom ɗin, ku sa shekarar bugu, ku ƙara zamanin da aka yi waƙar, ku ambaci sunanta da lambar baitin, kuma ku bar karin harshen mawaƙin yadda kuka same shi.