Lissafin Elektaron Masu Nauyi: Nazari daga Garwa

A Kitongo, kusa da Poli, kudu da Garwa, akwai yuraniyam kwance a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka ambaci wannan ma'adini a arewacin Kamaru ko a Arlit ta Nijar, hankali kan tafi ga nukiliya da kamfanonin haƙa. Amma akwai masana fiziks da suka ƙare rayuwarsu kan wata ɗabi'arsa daban. Idan aka gauraya shi da wasu ƙarafa, kamar a UBe13 da UPt3, aka sanyaya shi kusa da ƙarshen sanyi, lantarki kan ratsa shi ba turjiya ko kaɗan.

Wannan hali ba sabo ba ne. Kamerlingh Onnes ya gan shi a jikin zaiba a Leiden tun 1911, a digiri 4.2 na ma'aunin Kelvin. A 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer suka bayyana cewa girgizar atom-atom na ƙarfe ce ke haɗa elektaron bibbiyu su tafi tare. Daga nan aka ɗauka cewa maganaɗisu abokin gaba ne, ɗan kaɗan ya isa ya raba su. Sai ga Frank Steglich a Jamus, a 1979, ya samu halin a CeCu2Si2, a wajen rabin digiri, alhali sinadarin cike yake da seriyam mai maganaɗisu. Elektaron ɗinsa kuma suna motsi kamar nauyinsu ya ninka sau ɗaruruwa. Nauyin daga cuɗanya yake zuwa, kamar mai ratsa kasuwar Pitowa ranar Lahadi, kowane taku sai ya tsaya ya gaisa da wani.

A nan sana'ar masu ƙera samfurin lissafi ta nuna kanta. Gwanintarta ita ce zubar da abin da ba dole ba. Babu mai iya bin sawun kowane elektaron, don haka sai a riƙe ƙarfi biyu kacal. Na farko shi ne wanda Jun Kondo ya lissafta a 1964, inda elektaron masu yawo ke lulluɓe maganaɗisun kowane atom har ya ɓace. Na biyu kuwa yana sa waɗannan ƙananan maganaɗisu su jeru bisa tsari. A 1977 Sebastian Doniach ya zana yadda biyun ke kokawa a kan takarda ɗaya, kuma ina ganin kaɗan ne zanen da ya kai wannan albarka a fannin. A bakin iyakar da babu wanda ya kayar da wani, can ne lantarki ke gudu ba turjiya. Miyake da Schmitt-Rink da Varma sun kawo hujja a 1986 cewa kaɗawar maganaɗisun kanta ce ke haɗa elektaron. A 1998 ayarin Lonzarich a Cambridge suka matse CePd2Si2 da CeIn3 har tsarin maganaɗisu ya kusa gushewa, halin ya ɓullo daidai wurin.

Sai dai sana'ar tana da rauni, kuma bai kamata a ɓoye shi ga ɗalibai ba. Samfurin da ke da lambobi da yawa da ake iya juyawa zai dace da kowane awo, wanda kuwa ya dace da komai bai faɗi komai ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka san URu2Si2 yana canza hali a digiri 17.5 na Kelvin, an rubuta bayanai barkatai, har yau masana ba su haɗu kan ɗaya ba. CeCu2Si2 ma, shekaru aka yi ana cewa haɗin elektaron ɗinsa yana da kusurwoyin da yake ɓacewa, sai awon da aka yi a Japan a 2014 ya nuna saɓanin haka. Da awo da lissafi suka saɓa, lissafi ne ya koma ya sake shiri.

Gari irin Garwa da zafinsa ke haura digiri 40 na ma'aunin Celsius a watan Afrilu ba zai fara da injin sanyaya ƙarfe zuwa rabin Kelvin ba, kuma waɗannan sinadarai ba za su ɗauko wutar madatsar Lagdo zuwa gidaje ba. Amma aikin lissafi allo yake so, da kwamfuta, da malami mai haƙuri. Akwai jami'a a Ngaundere, akwai ta Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022, sannan cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Trieste a 1964 ta daɗe tana karɓar matasan Afirka. Abin da nake tsoro shi ne ɗalibi ya ɗauko samfurin wani, ya canza lamba ɗaya, ya buga takarda da ba mai iya gwada ta. Gara ya zaɓi sinadari guda, misali UTe2 da aka gano halinsa a Amurka a 2019, wanda har yanzu ake gardamar yadda elektaron ɗinsa ke haɗuwa, ya ɗauko awon da aka wallafa a intanet, ya lissafo abin da zai faru idan aka ƙara matsi ko aka juya maganaɗisu, ya aika wa masu injin su auna.